Motar Kara da Shafin Ƙarshe

Idan aka girbe gero da dawa a gonakin da ke kewaye da Gashuwa, kara ya zube ko'ina, yaran unguwar Katuzu kakarsu ta yanke saƙa. Akan gan su a gindin katanga, kowa da reza ko guntuwar wuƙa, suna feƙe ɓawon kara, suna yanka farin cikinsa gunduwa-gunduwa, suna soke shi da tsinke ko ƙayar aduwa har a-kori-kura ta fito: ga kai, ga bodi, ga tayoyin da aka yanko daga tsohon silifa. Wanda ya ɗan tasa kuwa ya wuce kara, ya koma gwangwanin madara da langa-langa da waya, ya lanƙwasa dogon sitiyari da zai riƙa tuƙi yana tsaye.

Ranar da aka gama motar gwangwani walƙiya take yi kamar sabon kwano, kuma duk wanda ya dube ta gwangwani yake gani. Sai ta yi mako ana jan ta lungu-lungu, ƙura ta shiga kowace kusurwa, rana ta cinye hasken jikinta, sannan take fara kama da manyan motocin da ke lodin bandar kifi da shinkafa su kama hanyar Nguru. Ba a ƙara mata komai ba sai datti, amma a lokacin ne dattijo zai ja birki ya ce, "Kai, ɗan nan, wannan ai mota ce sosai."

A cikin wannan ɗan abu akwai tambayar da ta daɗe tana damun malamai. Me ya sa ido ya fi gaskata abin da ya dusashe a kan abin da ke ƙyalli? In kuma dusashewa ce kamannin gaskiya, shin ba za a iya saye ta a kwalba a shafa ba?

Za a iya, kuma ana yi. A Ingila da Japan da Jamus da Amurka wasan yaran Katuzu sana'a ce ta manya, da kamfanoninta da gasanninta. Kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da ƙaramar tarakta samfurin Ferguson a 1949, a 1953 kuma ya fitar da jirgin yaƙin Spitfire a ma'aunin 1:72, wato kowace santimita 72 ta jirgin gaske ta koma santimita ɗaya. Kamfanin Tamiya da ke Shizuoka a Japan ya fito da tankar yaƙi ta Panther a 1961. An yi ta daidai girman da zai ɗauki batir da ɗan injin da ke tura ta, da aka auna sai ta faɗa a 1:35, ma'aunin da har yau ya fi kowanne yawa a ƙananan motocin soja. A wannan ma'auni, babbar mota mai tsawon mita 7 takan dawo santimita 20, ta zauna a tafin hannu.

Mai wannan sana'a yakan yi makonni yana yanke gutsattsarin roba, yana mannawa, yana gogewa da sanfefa, yana fesa fenti. Amma duk wahalarsa tana rataye ne a kan aikin minti goma na ƙarshe: wani ruwa garai-garai da ake fesawa a kan komai don ya kashe ƙyalli. In ya samu, abin ya tashi daga kayan wasa ya zama mota. In ya ɓaci, aikin wata guda ya tafi.

Sirrin yana cikin yadda haske ke komowa. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bambanta abubuwa biyu a littafinsa Kitabul Manazir. Abu mai santsi, irin madubi, yakan mayar da haske ta fuska ɗaya, a kusurwar da ya zo. Abu mara santsi kuwa hasken da ya sauka a kansa yakan bazu ta kowane ɓangare. Shi ya sa ruwan kogin Komadugu ke kashe ido da hantsi, yashin bakinsa kuma ba ya yi, alhali rana ɗaya ce ke dukansu. Wanda ya dubi abu mai sheƙi, rabin abin da yake gani hoton fitila ne ko taga ko fuskarsa. Wanda ya dubi abu mai dushi-dushi, abin kansa yake gani, da launinsa da lanƙwasarsa.

Ruwan kashe ƙyalli ba wani abu ba ne illa ruwan shafi na yau da kullum da aka zuba wa garin silika mai laushin da ido ba ya gani, dangin sinadarin da ke cikin yashin tuddan Tulo-Tulowa na Yusufari. Idan ruwan ya bushe ya tsuke, ƙwayoyin garin sukan ɗan turo kai, fatar ta yi kaushin da yatsa ba ya ji amma haske na ji. Masana'antun fenti ma suna da na'urar auna wannan: a kusurwar digiri 60, abin da ya haura maki 70 mai sheƙi ne sosai, abin da ya gaza 10 kuma ya mutu murus.

Akwai dalili na biyu, kuma mutumin Yobe ya fi kowa saninsa. Wanda ya dubi motar 1:35 daga nisan mita ɗaya, kamar ya dubi ta gaske ne daga nisan mita 35. Tsakanin ido da mota mai wannan nisa akwai iska, a cikin iska akwai ƙura. A watannin hunturu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso farar ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, motar da ke tsallaken titi ma launinta ya riga ya koɗe kafin ya iso ido. Ido ya saba da haka tun yarinta, don haka idan ya ga ƙaramar mota tana walƙiya sai ya ƙi yarda, ya ce wannan kusa take, kuma roba ce.

A ɗauki jirgin ruwan Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a ƙaramar hukumar Fune, aka tono shi a 1994. Tsawonsa mita 8.4, shekarunsa kimanin 8,000. A ma'aunin 1:35 zai dawo santimita 24 cif. Ɗalibin da ya sassaƙa shi don baje koli, ya kuma shafe shi da man da kafinta ke shafa wa sabon gado, ya daidaita tsawo da faɗi amma ya yi wa shekaru dubu takwas ƙarya.

Aikin kuwa yana da tarkuna. Garin silika yakan kwanta a gindin kwalba, wanda bai girgiza sosai ba zai fesa ruwa zalla, motar ta fito tana sheƙi, in ya kai gindin kwalbar kuma ta fito fari fat kamar an barbaɗa mata alli. Wanda ya labta da yawa lokaci ɗaya, ruwan zai kwanta ya yi santsi ko ya yi hazo. A damina, irin lemar watan Agusta a bakin kogi, danshi kan shige cikin shafin ya mayar da shi kamar madara. A bazara kuma, ko a bushewar hunturu, ɗigon feshin kan bushe tun yana iska, ya sauka kamar tsaki. Maganin duka ɗaya ne: a girgiza har hannu ya gaji, a fara gwadawa a bayan cokalin roba, a tsaya nisan santimita 20 zuwa 30, a fesa siriri sau biyu ko uku ana bari yana sha, a yi a inuwa da sanyin safiya, sannan a kife kwali a kai don kada ƙurar gaske ta manne a inda ba a gayyace ta ba.

Ta fuskar hukunci, motar kara ba ta da wata rigima. Buhari da Muslim sun kawo cewa Abdullahi ɗan Abbas (RA) ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma kan itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Malaman Malikiyya sun tsananta ne a kan cikakken mutum-mutumin abu mai rai, wanda ke da inuwa, suka kuma togace 'yar tsanar yara mata, saboda Nana A'isha (RA) ta yi wasa da irinta a gidan Annabi (SAW). Mota da jirgi da kwale-kwale duk suna cikin sarari. Tambayar da ta fi wuya tana wajen shafin ƙarshe, domin shi ne ke fuskantar idon mutane, kuma duk inda idon mutane ya shigo, maganar niyya ta shigo.

Sai dai kafin a ɗora wa ƙyalli laifi, ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Ƙasar Hausa ta ci abinci da shi ƙarni bayan ƙarni. A garin Kura, kudu da Kano, akan rina zane da baba har ya yi baƙi, a barbaɗa masa shuni, sannan mabuga su ɗora shi a kan gungume su yi ta dukansa har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Buzaye sukan tsallako hamada don rawanin ɗan Kura, kuma Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga yadda tufafin Kano ke kaiwa ƙasashe masu nisa. Yau ma ranar Sallah a ƙofar fadar Mai Bade, shadda ce ke ɗaukar ido, kuma babu wanda zai ce magidancin da ya yi wa iyalinsa ɗinki ya yi zunubi. A Sahihu Muslim an kawo cewa wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) game da son tufa mai kyau da takalmi mai kyau, aka nuna masa cewa wannan ba girman kai ba ne, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Alaramman tsangaya sun san ma'aunin abin a aikace. Tawada ba ta kama allo ko takarda sai da ƙaro, wanda yankin nan ya yi suna da shi har Cibiyar Binciken Roba ta Najeriya ta kafa reshen binciken ƙaro a Gashuwa. In ƙaro ya yi kaɗan, rubutu ya goge da taɓawa. In ya yi yawa, harafi ya yi sheƙi mai daɗin kallo, amma shafuka su manne da juna, tawadar ta tsattsage. Ɗan sheƙin da ke kan kyakkyawan rubutu shaida ce cewa an haɗa tawadar daidai. Ba don a burge kowa aka sa shi ba.

Ƙyallin da addini ya ja kunne a kansa shi ne na aikin da aka yi don a gani. An kira riya da ƙaramar shirka, kuma hadisin da Muslim ya kawo na mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama yana sa gaban mai hankali faɗuwa: wanda aka kashe a fagen yaƙi, da malami makarancin Alƙur'ani, da attajiri mai kyauta. Babu ɗayansu da aka ce bai yi aikin ba. Jinin na gaske ne, karatun na gaske ne, dukiyar ma ta fita. Abin da ya rusa su shi ne wanda suka yi dominsa. Kamar abu mai santsi ne da ke mayar da haske ta fuska ɗaya tak, fuskar mai kallo.

Daga nan hanya takan yi kamar ta miƙe: a guji ƙyalli, a rungumi ƙura, shi ke nan an tsira. Mai ƙera ƙananan motoci zai girgiza kai, domin ya san ƙurar ma a kwalba take. Bayan ya gama fenti yakan ɗauko buroshi ya zana tsatsa a gefen ƙofa, ya ɗiga baƙin mai a ƙarƙashin inji, ya barbaɗa garin launi mai kama da taɓo a tayoyi, ya kankare fenti a inda ƙafar direba za ta riƙa taka. Tankar da ba ta taɓa barin tebur ba sai ta fito kamar ta shekara a fagen daga. Shi bai yaudari kowa ba, tunda duk mai kallo ya san santimita 20 ce ta roba. Amma sana'arsa ta tona wani asiri: tsufa da wahala da tawali'u duk ana iya zana su, kuma sun fi ƙyalli saurin shiga zuciyar mai kallo.

Maharban ƙasar Hausa sun riga shi sani. Kan burtun da maharbi ke ɗaurawa a goshi, ya sunkuya yana tafiyar tsuntsu har ya kusanci barewa, ba a goge shi ya yi sheƙi, domin walƙiya ɗaya ta isa ta kori garke. Kalmar kaki ma da Bahaushe ke kiran kayan soja da ita ta samo asali ne daga kalmar Farisanci mai nufin ƙura. Sojojin da Ingila ta ɗauka a arewa maso yammacin Indiya ne suka fara sa tufa mai launin ƙasa a ƙarshen shekarun 1840, don kada a hango su daga nesa. Maharbi da soja duk sun dusashe, kuma dukansu da abin da suke nema.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u Ulumid Din a kan aibin son girma da riya. Wanda ya karanta jerin hanyoyin riyar masu addini da ya kawo zai yi mamakin yadda zinariya da alharini ba su da yawa a ciki. Ya ambaci ramewa da koɗewar fuska don a ce mutum ba ya barci da dare, da busasshen leɓe don a ce yana azumi, da barin gashi buzu-buzu don a ce ibada ta hana shi kula da kai, da sa tsumma mai kaushi ko mai faci, da barin alamar sujada a goshi, da sunkuyar da kai da kashe murya a gaban jama'a. Wannan shi ne zana tsatsa a jikin ɗan Adam. Malamai ma da suka yi bayanin hanin sa tufar neman suna sun ce ta haɗa da mafi tsada da kuma mafi ƙasƙanci, muddin an sa ta ne don a nuna mutum da yatsa. Bahaushe ya taƙaita: Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Wasu bayin Allah a Naisabur ta ƙasar Farisa sun ga wannan tarko sun nemi tsallake shi da tsalle mai nisa. Su ne Malamatiyya, mabiyan Hamdun al-Ƙassar wanda ya rasu a 884. Sun ƙi sa tufar da za ta bambanta su, suka zauna a kasuwa suna sana'a, suka ɓoye nafilarsu, har suna ganin zargin mutane ya fi musu lafiya a kan yabonsu. Niyyar mai kyau ce, amma hanyar tana da nata rami, domin wanda ke tsara rayuwarsa don kada a yabe shi har yanzu da idon mutane yake awo. Fudailu ɗan Iyad, wanda ya rasu a Makka a 803, ya riga ya yi gargaɗi cewa barin aikin alheri saboda mutane shi ma riya ne. Matashin da ya ƙi shiga sahun farko don kada a ce ya cika nuna kai, da attajirin da ya fasa gina rijiya don kada a ce neman suna yake, duk mutane ne suka tuƙa su, kuma unguwa ta rasa rijiya.

Alƙur'ani bai rufe ko ɗaya daga ƙofofin biyu ba. A aya ta 271 ta Suratul Baƙara an yabi sadakar da aka bayyana, aka kuma ce wadda aka ɓoye aka kai wa matalauta ta fi alheri ga mai bayarwa. Malamai suka fitar da cewa akwai inda bayyanawa ta fi, kamar farillar da ɓoye ta zai jawo zargi, ko gudummawar da za ta sa wasu su yi koyi. Wato babu shafi ɗaya da ya dace da kowane wuri.

Tarihin ƙasar nan yana da misali. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda son mulki da dukiya da ado ya fara shiga zukatan wasu mutanen jama'a, ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Da ya ci gaba, da tarihi ya rubuta shi a cikin masu gudun duniya, kuma da sunan ya yi masa kyau. Mutanen Kano suka tare shi suka roƙe shi ya zauna ya koya musu. Ya zauna, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya koma ya ɗauki nauyin yammacin daular, ya riƙe shi har rasuwarsa a 1829. Ya ƙi adon da ya gani, amma bai mayar da gudu ya zama adonsa ba.

Masu ƙananan motoci suna da wata ƙa'ida da baƙo ke jin ta kamar an juya ta. Kafin a kashe ƙyalli, sai an fara kawo shi. Bayan fenti akan fesa ruwa mai sheƙi, a bari ya bushe sumul, sannan a manna 'yan siraran takardun lamba da tambari. Dalili shi ne, idan aka manna su a kan fata mai kaushi, iska takan maƙale a ƙarƙashinsu, gefensu ya yi fari-fari kamar azurfa, kuma babu shafin da zai ɓoye wannan daga baya. Shafin ƙarshe ba ya gyara komai. Layin manni da ba a goge ba, da sawun yatsa, da gashin buroshi, duk yakan kulle su ne a ciki har abada. Aikin da ke ƙasa dole ya cika sumul, kamar za a bar shi a buɗe, sannan a zo a rufe shi.

Nan ne masu ɓoye aiki da masu sakaci da aiki suke rabuwa, ko da yake daga nesa kamarsu ɗaya. Akwai wanda sallarsa ta dare ta cika, ya fito da safe da fara'a da wankakkiyar riga babu wanda ya sani. Akwai kuma wanda ya yi aikin jama'a rabi da rabi, in aka yi magana ya ce shi ba ya son nuna kai. Na farko ya rufe kyakkyawan aiki, na biyu ya rufe aibi ya sa masa sunan tawali'u. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Gwani kuma ba ya kashe ƙyallin mota gaba ɗaya. Kafin ya fesa, yakan rufe gilashi da fitilu da salatif, domin gilashin da ya dusashe makanta ce, kuma motar da babu inda ke haske a jikinta takan koma kamar curin laka. Bayan ya gama yakan ɗauki bakin fensir ya goga a matakala, da hannun ƙofa, da bakin sarƙar tanka, wuraren da taɓawa ta yau da gobe ke cinye fenti ta fito da ƙarfe. Yana kwaikwayon wani sheƙi ne na uku, wanda ba na sabunta ba kuma ba na kwalba ba.

Wannan sheƙi yana ko'ina a Bade ga mai lura. Yana jikin ƙotar fartanya a daidai inda tafin manomi ke zama. Yana jikin gorar da masunci ke tura kwale-kwale da ita a fadamun Haɗeja da Nguru. Yana kan layin dogon da ya iso Nguru daga Kano a 1930: muddin jirgi na bi, saman ƙarfen fari tas, gefensa tsatsa, in jirgi ya daina zuwa kuma tsatsar ta haye sama. Yana gefen allon almajirin da ya kusa sauka, da 'ya'yan carbin tsohuwar da ba ta taɓa ƙirga su a gaban kowa ba. Babu wanda ya nufi ya sa shi, shi ya sa ba a iya yin riya da shi. Mai neman ya same shi da gaggawa sai dai ya ɗauki fensir, fensir kuwa a jikin roba kaɗai yake wucewa.

Saboda haka tambayar dattijon Katuzu da ta Imam Gazali ɗaya ce, kuma ba a amsa ta da kallon fata. Ido ya fi gaskata dusashewa ne saboda yawancin abin da ya yi aiki a duniya ya sha ƙura. Wannan sabo na ido gaskiya ne, kuma shi ne ƙofar da mayaudari ke bi. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya bar wa Allah hukuncin zukatan wasu, kada ya tsarkake mai tsumma ko ya tuhumi mai shadda, ya kuma tsananta binciken tasa zuciyar a duk lokacin da hannunsa ya kai ga kwalba, ta sheƙi ce ko ta ƙura.

Kafin hunturu ya ƙare, motar gwangwanin wani yaron Katuzu ta canja tayoyi sau uku, ƙofa ɗaya ta ɓalle an ɗaure ta da zaren buhu, rubutun kamfanin madarar ya goge. Da la'asar yakan loda mata 'ya'yan aduwa ya tuƙa ta zuwa bakin masallaci, ya jingine ta a katanga ya shiga alwala. Duk jikinta launin ƙasar unguwar ne, in ban da zoben wayar da ke saman sitiyari, inda tafin hannunsa ke kamawa tun kaka. Wurin ya yi fari sol, yana ɗaukar hasken yamma.